Turaren Dubiya

Ƙafar Baba ta dama ta fara kumbura ne bayan ƙaramar salla, a shekarar da aikin Hajji ya faɗo tsakiyar zafi. Daga babban yatsa abin ya soma. Ya kwanta lafiya lau, ya tashi yatsan ya yi jawur yana sheƙi kamar an shafa masa mai, ko gefen mayafi ne ya taɓa wurin sai ka ga ya cije leɓe. Ya sauka bayan kwana huɗu, ya sake dawowa ya haɗa da idon sawu. Daga nan bai ƙara sauka ba.

Wani zai ce ai ƙafa ce kawai. To mu a gidanmu ƙafar nan ita ce tukunya. Baba ɗan shibriya ne. Shibriya gadon katako ne da ake ɗora tsofaffi da marasa lafiya a kai, maza huɗu su ɗauka a ka, su yi musu ɗawafi, su kai su Safa da Marwa. Shekara goma sha ɗaya Baba ne a gaba, shi yake ihun “hashab, hashab,” wato ga katako nan, jama'a su dare. Na gaba shi Shehun 'yan shibriya ya sani, shi yake zaɓen sauran ukun, kuma abin da aka samu a watan alhazai shi muke ci har wata shekarar. Duk unguwarmu ta Misfala, a Makka, an san Baba da suna Tsoho mai shibriya. An kuma san cewa in alhazai suka sauka bai miƙe ba, Shehu zai ba wani gaban.

Wanda yake bayansa a shibriyar Baffa Rabi'u ne. Ba ƙanen Baba ba ne na jini. Tare dai suka taso a ƙasa daga ƙauyensu na ƙasar Kano, suka yi shekara shida suna tsinkar auduga a Sudan kafin su haye teku. A can aka haife ni. Shi ya aro jaki ya ɗora Baba muka tafi asibiti. Ni aka ɗauka don in yi tafinta, saboda Larabcin Baba na dako ne, iyakarsa ciniki da zagi, ni kuwa na yi karatu wajen wata malama a unguwa, har jarida ina karantawa in na tsinci yagaggiya.

Likitan mutumin Sham ne, gajere, da tabarau. Ya taɓa yatsan, Baba ya zabura. Ya danna cikinsa ta dama, ƙasan haƙarƙari, Baba ya sake zabura. Sai ya matso da fuskarsa kusa da bakin Baba kamar zai gaya masa asiri, ya ɗan tsaya, ya ja da baya. Ya ce da Baffa Rabi'u ya jira a waje.

Da ni ya yi magana, a hankali.

“Ya binti, wannan mu muna ce masa ciwon sarakuna. Wani gishiri ne yake taruwa a jini, in ya yi yawa sai ya zube a gaɓa kamar ɓarɓashin kwalba, jiki ya taso masa da yaƙi. Yaƙin ne zafin nan da jan nan da kumburin da kike gani. Nama yana ƙara shi, balle hanta da ƙoda. Amma ba nama ne yake hura wutar mahaifinki ba. Abin da yake sha ne. Shi yake hana ƙodarsa fitar da gishirin, yana ƙona masa tumbi, ga hantarsa ma ta fara kumbura, na ji ta da hannuna. In ya bari, sati uku ya taka. In bai bari ba, zai hau gwiwa, ya tsallaka ɗaya ƙafar.”

Na ce, “Shayi?”

Ya cire tabarau ya dube ni har na sunkuyar da kai.

“Ba zan rubuta a takarda ba, ba kuma zan gaya wa kowa ba. Ke dai ki faɗa masa yadda na faɗa miki. Zai gane.”

Baba ya ce, “Uwata, me ya ce?”

Sunan mahaifiyarsa aka sa min, Rumasa'u, shi ya sa tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Na ɗago kai, na mayar. Ban gama gane abin da likitan yake nufi ba, amma jikina ya gaya min magana ce da 'ya ba ta faɗa wa uba, balle a garin da kake jiyo ladanin Harami daga kan tabarmarka.

Na ce, “Ya ce ka bar nama, ka yawaita shan ruwa. Wai ciwon sarakuna ne.”

A hanya Baffa Rabi'u ya yi ta dariya yana jan jaki.

“Ciwon sarakuna a ɗakin garwa. Tsoho, ashe sarautar ta ƙafa ta biyo ka. Ranka ya daɗe, a nemo maroƙa ne?”

Baba ya ce, “Ja jaki ka yi min shiru, kai da ko ciwon kirki ba ka iya samu ba.”

A Makka in za ka dubiya ba ka zuwa hannu rabbana. Mutanen gari kolonya suke kaiwa, turaren ruwa mai ƙamshin lemon tsami a doguwar kwalba, a tsiyaya wa mara lafiya a hannu ya shafa a fuska da wuya ya ji sanyi. Mu ma mun ɗauki al'adar, har mun fi masu ita. Baba kuwa mutum ne mai jama'a. 'Yan dako suka zo, 'yan ga-ruwa suka zo, kowa da kwalbarsa a naɗe cikin takarda. Maƙwabciyarmu Fatsuma mai soya gyaɗa, wadda babu ciwon da ba ta san maganinsa ba, ta ce ai kolonya ita ce maganin kumburi, a riƙa shafawa safe da yamma tana zuƙe zafin. Inna ta ba ni makullin akwatin ƙarfe, ta ce in riƙa karɓar kwalaben ina ajiyewa, ni ce kuma mai shafawa.

Abin da nake tsiyayawa a tafin hannuna bai kai cokali biyu ba. Amma kullum in na gama shafawar safe sai Baba ya ce, “Bar min ita a nan kusa, ko zafin zai taso.” In na dawo da la'asar sai in tarar kwalbar ta kai gindi.

Ɗakunanmu da garwar kananzir aka yi su, an farke an miƙe an buga a jikin itace. Bangon da ya raba ɗakin Baba da inda nake kwana yana da hudar ƙusa. Wata rana na jira bayan azahar, lokacin da duk Misfala take kwance kamar an yi mata duka, ko kare ba ya motsi. Kwanon ya yi zafin da ba na iya jingina goshina, sai da na sa gefen mayafi kafin na kafa ido a hudar.

Baba yana zaune ya miƙe ƙafar a kan matashi. Ya ɗauki kofin shayi ya zuba ruwa rabi, ya buɗe kwalbar da Fatsuma ta kawo ya tsiyaya a kai. Ruwan ya juye fari fat kamar nono. Ya toshe hanci da yatsu biyu ya ɗaga kai ya shanye, ya yi tari, idanunsa suka kawo ruwa. Ya sake haɗa wani.

Ina nan a maƙale sai na ji sallamar Baffa Rabi'u. Bai jira amsa ba ya ɗaga labule. Na ɗauka zai yi salati. Sai kawai ya dubi kofin, ya sa ƙafa ya tura shi bayan matashi, kamar mai gyara takalmi a bakin ƙofa. Ya zauna ya zaro wata kwalba daga aljihu, ta fi duk waɗanda aka kawo girma.

“Ta Masar ce,” ya ce. “Kada ka yi wa ƙafar rowa.”

Daga ranar duk bayan kwana biyu sai ya zo da irinta. Mata a layi suna ta sa masa albarka, wai wannan shi ne aboki, ɗan'uwa ma sai haka.

Faɗa wa Baba dai ba zan iya ba. Na gwada a raina ya fi a ƙirga, na kasa. Amma makulli yana hannuna. Washegari da sassafe na kwashi kwalaben na shiga bayi da su a cikin zani. Na tsiyayar da su a rami, na bar ɗan kaɗan a gindin kowace saboda ƙamshi, na cika su da ruwan Zamzam daga tulun Inna, na matsa ɓawon lemon tsami a kai. Garin sauri har wata ta zube min a zani.

Da azahar na koma hudar ƙusa. Baba ya zuba ruwa, ya tsiyaya abin kwalba a kai. Ruwan bai yi fari ba. Ya ɗaga kofin ya duba ta wajen haske, ya kurɓa, ya riƙe a baki. Sai ya juyo da kansa a hankali ya dubi bangon, daidai inda idona yake.

Bai kira ni ba. In ya tambaye ni ina turarensa, sai in ce ga shi nan ina shafawa, me ya same shi? Shi ma ya san ba shi da amsa. Ya ce in kawo wata kwalbar, na kawo. Ya ce wata, na kawo. Duk wanda ya zo dubiya a bakin ƙofa nake tare shi, in durƙusa in karɓa hannu biyu, in ce an gode, Allah ya saka da alheri, in wuce da ita akwati. Har ta Baffa Rabi'u haka na riƙa yi mata, ina tsaye a bakin labule kamar an dasa ni.

Kwanakin farko ba na son tuna su. Hannun Baba ya riƙa karkarwa har ba ya iya kai loma baki. Gumi ya riƙa jiƙa tabarma. Ya jefe ni da kwanon miya saboda wai gishiri ya yi yawa, ya jefi Inna da buta. Ya ce akwai kiyashi a cikin rigarsa, muka kakkaɓe babu komai. In ina shafa masa ƙafa sai ya ƙura wa ƙeyata ido, ina jin kallon kamar garwashi. Inna ta ce zazzaɓi ne, ta yi ta turara masa habbatussauda.

A kwana na tara jan ya fara dushewa. Fatar da take sheƙi ta yi tamoji tana saɓa kamar ta maciji. Ƙashin idon sawunsa ya fito. Ya daina riƙe ciki in ya ci abinci, har ya nemi ƙarin tuwo. A kwana na goma sha shida ya dafa bango ya je bayi da kansa. Ranar Juma'a ya ɗauki sanda ya tafi masallacin unguwa, yara suna binsa suna “hashab, hashab,” yana kai musu duka da wasa.

Fatsuma ta tsaya a tsakar gida ta riƙe ƙugu, ta dubi Inna.

“Ban faɗa ba? Likita ya karɓi gaisuwa, kolonya ta yi aiki. Saudatu, in kin ga Rabi'u ki durƙusa masa, shi ya sayo wa mijinki ƙafa.”

Inna ta ce, “Za a durƙusa.”

Fatsuma ta shaƙi iska ta dube ni. “Ke kuma 'yar nan, kwana biyu in kin wuce sai ka ce amaryar Turkawa. Ƙafar kike shafa wa ko kanki?”

Na ce zuba ta yi min. Ta ce uhm.

Da yammar nan ina shafa wa Baba ruwa a ƙafa, ni da shi duk mun san ruwa ne, sai ya ce, yana kallon rufin ɗaki, “Allah ya yi miki albarka, Uwata.” Na ce amin a ciki. Na fita na zauna bayan tulu na yi kuka kaɗan, ba wanda ya gani.

Jiragen alhazai suka fara sauka Jidda. Shehu ya aiko cewa ranar Alhamis da hantsi Baba ya same shi a gindin Safa. Za a ɗora buhu biyu na shinkafa a shibriya, in ya kai ta Marwa ya dawo bai ɗingisa ba, gaba nasa ne kamar kullum. Baba ya sa na ɗinke masa gammo. Ya fito da rawaninsa na aiki ya ce a wanke.

Ranar Laraba bayan azahar Baffa Rabi'u ya zo. Tun daga bakin layi ƙamshin ya riga shi, gasasshiyar hanta da ƙoda a cikin takarda, mai yana ɗiga. Na tare shi a ƙofa na miƙa hannu biyu kamar yadda na saba.

Ya yi murmushi. “Yau ba dubiya na zo ba, 'yata. Barka na zo. Barka kuwa ba ta shiga akwati.”

Na ga kan kwalbar ya leƙo daga aljihun rigarsa. Ban janye hannuna ba.

Na ce, “Baffa, likita ya hana shi nama.”

“Likita ya hana mara lafiya. Kin ga mara lafiya a gidan nan? Mutumin da zai ɗauki buhu biyu gobe, da kunu zai ɗauka?” Ya ɗaga murya. “Tsoho, dogarin nan naka ya hana ni shiga fada.”

Daga ciki Baba ya ce, “Bar shi ya shigo.”

Ban motsa ba. Wannan ne karo na farko da Baba ya yi magana ban motsa ba.

“Uwata, da ke nake.”

Baffa Rabi'u ya raɓa ta gefena ya saki labule.

Na ruga wajen Inna, tana bayan ɗaki tana tsintar shinkafa. Na durƙusa kusa da ita. Na ce, “Inna, ki shiga. Kolonyar nan ba shafawa yake ba. Likita ya ce...”

Ta toshe min baki da hannu, hannun duk garin shinkafa.

“Bangon gidan nan garwa ne. Fatsuma tana jin tarin ɓera.”

Na janye hannunta. “Kin sani?”

Ta ci gaba da tsintar ta. “Tun ba a haife ki ba na san warin nan. A gonar auduga na dabino suke dafawa, shi da wanda yake ciki. Da muka haye ya yi rantsuwa a jikin Ka'aba, ya riƙe shekara takwas.”

“To ki je ki karɓe kwalbar.”

“In karɓe, ya yi min ihu, layi ya taru, a ce me ake faɗa a kai? Kin taɓa ganin yadda ake yi wa mashayi a garin nan? Ni na gani. A kwantar da shi a bainar jama'a bayan Juma'a a zane shi, a kwashe iyalinsa a zuba a jirgi. Shekara shida na yi ina tsinkar auduga don in mutu a garin nan. Ba zan koma ba.”

“Ƙafarsa fa, Inna?”

“Ƙafa ce. Wanda ƙafarsa ta kumbura ana zuwa masa dubiya. Je ki ɗora ruwan shayi.”

Na ɗora. Ina jiyo su ta bango suna dariya, suna tuna wani Balarabe mai gona da jakinsa ya taɓa jefa shi a magudana. Rabona da jin dariyar Baba irin wannan tun kafin azumi. Sai gab da magariba Baffa Rabi'u ya fito yana sakace haƙori. Ya dafa kaina ya ce, “Allah ya ba mu 'ya irinki.”

Da gari ya waye ƙafar ta dawo, ta fi da. Tun daga yatsa har ƙwauri ta yi suntum, ja ya koma baƙi-baƙi, jijiyoyi sun taso. Baba ya yi amai sau biyu. Ya ce a ba shi rawani, ya dafa bango ya miƙe, ya sa ƙafar a ƙasa sau ɗaya ya zube. Gammon da na ɗinka yana rataye a ƙusa.

Hantsi ya wuce. Kafin azahar sai ga Shehu da kansa, dogon dattijo mai jan gemu, haifaffen unguwar Hindawiyya a nan Makka, Hausarsa rabi Larabci. Baffa Rabi'u yana bayansa da sauran 'yan shibriyar biyu. Fatsuma da matan layi suka cika bakin ƙofa. Ni ina rakuɓe a lungu kusa da akwati.

Shehu ya daɗe yana kallon ƙafar.

“Salamtak, sannu da jiki, ya Tsoho. Ranar Juma'a da idona na gan ka kana tafiya. Me ya faru tsakanin jiya da yau?”

Baba ya ce, “Ikon Allah.”

“Na'am, ikon Allah.” Shehu ya shaƙi iskar ɗakin. Ya sunkuya kusa da Baba kamar yadda likita ya yi, ya miƙe. “Shekara arba'in ina cikin 'yan dako, na ga abubuwa. An ce min turaren da aka kawo gidan nan ya isa buɗe kanti. Ƙafa ɗaya ce take cin wannan duka? Ina yake tafiya?”

Baba ya mayar da fuska bango. Na ga Inna ta damƙe gefen mayafinta. Baffa Rabi'u yana kallon ƙasa kamar mai neman allura.

Sai Baba ya juyo.

“Rumasa'u.”

Sai da na waiga in ga da wa yake.

“Rumasa'u, buɗe akwatin nan.”

Na buɗe. Ya ce in miƙa wa Shehu kwalba. Shehu ya buɗe ya sansana, ya ɗiga a harshe. Ya ce a ba shi wata. Ya ce wata.

“Moya,” ya ce. “Ruwa ne.”

“Ka gani, ya Shehu,” in ji Baba, ya nuna ni da yatsa bai dube ni ba. “Ni ma tambayar da nake yi kenan. Jama'a suna hana cikinsu suna sayo min magani, 'yar cikina tana juyewa tana cika min da ruwa. Sati uku ruwa take shafa min. Jiya Rabi'u ya kawo ta gaskiya na kwarara a jikina ko'ina don in samu in fita yau, shi ne ƙamshin da kake ji. Ashe an makara.”

Wata mata a ƙofa ta ce, “To ai a sati ukun ne ya warke.”

Baffa Rabi'u ya girgiza kai cikin jimami. “Ba warkewa ba ce. Ciwon ne ya shige ciki ya laɓe da bai ga magani ba. Ga shi ya fito gaba ɗaya.”

Kowa ya ce haka ne, haka ne.

Fatsuma ta tafa hannu. “Ni dai hancina bai taɓa yi min ƙarya ba. Na ji shi a zanenta, na tambaye ta a gaban uwarta. Wai zuba ya yi.”

“Yarinya ta girma,” in ji Baffa Rabi'u a hankali. “In budurwa ta fara satar turare, akwai wanda ake shafa wa. Amma a yi mata a hankali.”

Shehu bai saurare su ba, ni yake kallo. Idonsa ba na mugu ba ne. Ina jin ya san rabin maganar, jira yake in ba shi ɗaya rabin.

“Ya binti, faɗa min gaskiya, ba mai taɓa ki. Ina kika kai turaren? Kuma don me?”

Maganar likita tana bakina, harafi da harafi, da Larabcinta. Da na faɗa, Shehu zai gane kafin in rufe baki. Na dubi Inna, ta kafe ni da ido. Na dubi bayan Baba, inda gammo da katako suka bar masa kanta a wuya, na tuna abin da ake yi bayan Juma'a. Shi har lokacin bango yake kallo.

Na ce, “Na zubar.”

“Don me?”

Na sunkuyar da kai.

Inna ce ta taso. Marin da ta yi min sai da kunnena ya toshe, ta ƙara na biyu, tana faɗi da ƙarfi don na ƙofa su ji, “Ɓarauniya. Ubanki yana kwance kina sace masa magani. Allah ya isa nonon da na ba ki.” Da ta sunkuyo ta fizge makullin daga wuyana na ga idonta a bushe yake.

Shehu ya yi ajiyar zuciya. Ya ce Rabi'u ya riƙe gaba bana, in Tsoho ya samu sauƙi a sake magana. Baffa Rabi'u ya ce wallahi da ba don dole ba ba zai karɓa ba, amana ce zai riƙe wa ɗan'uwansa. Da zai fita ya ɗauki gammon da na ɗinka daga jikin ƙusa, ya juya shi, ya ce ɗinkin ya yi kyau, ya sa a hammata.

Inna ta miƙa wa Baba makullin a gaban kowa. Ya rataya a wuyansa.

Labari ya zaga Misfala kafin la'asar. Tausayin Baba ya kama mutane, dubiya ta dawo sabuwa. Waɗanda suka kawo kwalba ɗaya a da suka kawo biyu. Yanzu ba a ba ni. In na buɗe ƙofa sai mai dubiya ya ɓoye tasa a bayansa ya wuce, ya danƙa wa Baba a hannu, wani har ya ce, “Ɓoye ta a ƙarƙashin matashi, Tsoho.” A wajen ɗiban ruwa mata suna matsar da tulunsu in na zo. Yara sun sa min suna, ba zan faɗe shi ba.

Ranar da alhazai suka sauko daga Mina Inna ta aike ni kasuwar gefen Marwa sayen gishiri. Na jiyo “hashab, hashab,” na matsa jikin kanti. Baffa Rabi'u ne a gaba, da sabon rawani, wata tsohuwar Ba'indiya a kwance a sama tana jan carbi. Muryarsa ba ta kai ta Baba ba, amma jama'a suna darewa.

Kumburin ya hau gwiwa kafin sabuwar shekara, ya tsallaka ƙafar hagu, yadda likita ya faɗa. Farin idon Baba ya fara yin rawaya. Har yanzu ni nake shafa masa safe da yamma, don Inna ta ce hannunta yana da kaushi. In na durƙusa sai ya ciro makulli daga wuya, ya buɗe akwati da kansa, ya ce in buɗe hannu. Ya ɗiga min sau uku, ya mayar da murfi, ya tura kwalbar bayan matashi.

“Shafa a hankali, Uwata,” ya ce. “Kada ki ɓarnatar.”